Itacen Wankan Jegonki

Unguwar Kilomita Biyar, birnin Bangi

Zuwa ga 'yata Hureira, a Maraɗi.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya nauyin jiki? Yaya maigidanki da su Goggo Amira? Ki karanta a hankali, kin san da furfura na koyi rubutu. Wanki Hudaifa zai ɗauki hoton takardar ya turo miki.

Muna lafiya. Har yau iyaka a rufe take saboda korona, babu jirgi, babu mota. Na daina tambaya. Ina ci, ina salla, sai dai yini nake zaune a ƙofar shago.

Da Hudaifa ya ga haka, ranar Lahadi ya ɗauke ni a babur zuwa tsaunin bayan gari, wai in sha iska inda babu cunkoso. Muka cire takunkumi, muka hau a ƙafa cikin itatuwa. Daga sama ya nuna mini kogi da rufin gidajen unguwar Miskin. Na duba, ban ji komai ba.

A hanyar saukowa ya ce, "Inna, wa za ki dafa wa ruwa?" Ashe tun ɗazu busasshen itace nake tsinta, har na yi dami. Ban yar ba.

Watanki ya tsaya, haihuwar fari, ni kuwa ina nan. Ki roƙi Goggo Amira ta yi miki wankan, safe da yamma, kada ta tausaya miki zafin ruwa. Allah ya raba lafiya.

Damin yana bayan ɗaki. Na hana a taɓa.

Mahaifiyarki,
Ma'u