Ku Bar Mana Daɓen Shanya na Tsohon Injin Shinkafa

Zuwa ga Shugaban kwamitin gyaran tsohon injin shinkafa na nan Yendi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina ka shiga ne? Na zo ofis an ce ka tafi Tamale, na koma an ce kana mitin, na sake komawa maigadi har ya fara ce mini Hajiyar ofis. To tunda ƙafa ta gaza, ga waya. Sunana Mma Adiza, mai turara shinkafa a zongo. Karatuna bai yi nisa ba, yadda nake magana haka zan rubuta, a yi haƙuri. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali da duk ƴan kwamiti. Ya aiki, ya jama'a?

Na farko godiya ce, kuma ita ta fi yawa. Wallahi kun yi aiki. Ranar da aka kunna wuta a cikin ginin nan na tsaya a bakin get ina dariya ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir ɗin Makka. Wurin da jemagu suka mallake, iska ta yaye kwano, awaki na haihuwa a ɗakin manaja, yau ga fenti, ga tagogi, ga famfo yana zuba. Kun bar dogon bututun hayaƙin a tsaye, kun goge tsohon injin kun ajiye shi a tsakiya mutane na kallo. Ƴata Rahi ta samu shiga ajin ɗinki da kuka buɗe a ɗakin ajiyar buhu. Rigar farko da ta ɗinka mini hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma da ita na je suna, duk wadda ta tambaya na ce sabon yayi ne.

Na biyu, bari in gaya maka yadda muka san wurin. Mahaifiyata a nan ta yi aikin bakace. Ina ƙarama nake kai mata koko, in zauna a kan buhu. Motoci na sauke shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, daga Karaga da Bimbilla, ƴan kasuwar Salaga da na Bawku na kwana a gindin darbejiya suna jiran kaya. In jiniyar injin ta yi kuka, duk zongo an san rana ta yi tsaka, a ɗora tukunya. Da injin ya mutu, maza suka watse, kowa ya nemi abin yi. Mata ne ba su tafi ba. Akwai babban daɓen siminti a bayan ginin inda ake shanya shinkafa, shi muka riƙe. Mu ke share shi, in ya tsage mu harhaɗa mu saya siminti mu liƙe. Ba layi, ba lamba, amma kowace mace ta san wurinta, don wurin uwarta ne. Nawa yana daga tsagewar da ta yi kama da ƙafar kaza zuwa bakin kwata. Ko faɗa aka yi a gida ba a gaisawa, ba mai zuba shinkafarta a wurin wata.

Na uku, shi ne kukan. Babban allon da kuka kafa a get mai hoton yadda wurin zai zama, kullum ina wucewa ina sa masa albarka, ban taɓa duba shi da kyau ba. Rahi ce ta nuna mini, ta ce Mma ga wurinki nan, an ajiye jar mota a kai. Na duba, ashe daɓen namu gaba ɗaya motoci aka zana a kai, da ƴar ciyawa a gefe. Na ce wa Magajiyarmu, shugabar matan daɓe, ai ni na ci riba, tawa sabuwa ce, taki kuwa a-kori-kura aka ba ki. Muka yi dariya har da hawaye. Sai shekaranjiya muka tarar an shafa jan fenti a gefen daɓen, shugaban leburori ya ce injin fasawa na zuwa bayan Juma'a. Nan dariya ta tsaya.

Ban ce an yi da mugunta ba. Baiwar Allahn da ta zo awon fili tana da ladabi, har ta durƙusa ta gaishe mu. Amma da damina ta zo. Da damina ba mai shanya, ciyawa ta fito ta tsagogin, kwaɗi na wasa a kai. Ko ni na gan shi a lokacin zan ce kufai ne. Da ta dawo da kaka, da ta ga shinkafa shimfiɗe daga bango zuwa bango, mata na jan ta da ƙafa suna juyawa, ana hira ana korar kaji.

Ranka ya daɗe, turararriyar shinkafa ba ta jira. In ka sauke ta daga wuta ba ka baza ta ba, ta yi tsami, ta yi baƙi, shi ke nan. In aka ce mu koma bakin titi, to tsakuwa ce da tayar babur da kashin awaki. Masu sayar da wake da shinkafa da ke saye a wurina, saboda ba tsakuwa suke zuwa. Haƙori ɗaya ya karye a kwanon wani, na rasa su. Da wannan sana'a nake ciyar da gida tun rasuwar maigidana.

Roƙonmu ba shi da yawa. A dakatar da injin fasawan nan tukuna. Ka zo da kanka ka gani da rana tsaka, ba sai da rakiya ba. In dole sai an yi wurin motoci, ga fili nan ta gaban get, ko a ɗauki ɓangaren yamma da ya riga ya farfashe a bar mana sauran. Kuma baƙin da za su zo kallon injin da ya daina motsi, ina ga za su so su ga shinkafar da har yanzu ake yi a bayansa. Mu ma kayan tarihin ne, sai dai mu muna gaisawa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama wannan aiki da sunan kirki. Allah ya saka wa duk wanda ya ɗora bulo ɗaya a ginin nan.

Akwai maganar magewayi ma da nake so in... tsaya, ana buga ƙofa. Magajiya ce, da mai mota, shanshera ta iso daga Karaga. Yau za mu jiƙa, gobe mu turara, ranar Asabar tana kan daɓe. In masu fasawa sun zo za su tarar da ita a shimfiɗe, kuma duk ƴaƴanmu ne, ban san wanda a cikinsu zai ɗora guduma a kan abinci ba. Za mu ba su koko su zauna a inuwa su jira ka.

Bari in buɗe kafin ta ɓalle mini ƙyaure. Wassalam.

Mma Adiza, a madadin matan daɓe.