Ranar da Tavake Ya Yi Shiru

Tsibirin Motuhina, Ha'apai

Zuwa ga Yaya Lesieli,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da sanyin Auckland. Gwaggo Fusi tana gaishe ki, ta ce har yanzu ba ta ga rigar sanyin da kika yi mata alkawari ba.

Bayan haka, kayan da kika aiko sun iso: injin lantarki, batura da farantan sola. Mun ciro tsohon injin dizal na Baba daga cikin jirginmu Tavake, yana ta zubar da baƙin mai. Yanzu yana gindin mangwaro, kaji sun mai da shi gida. Na bi zanenki, jar waya nan, baƙa can, ban ƙona komai ba sai ɗan yatsa.

Kin iya aikinki, Yaya. Na danna, farfela ta juya, jirgi ya tafi, ni kuwa ina ta leƙe-leƙe ina neman ƙara. Taniela mai shago ya ce, "Manase, wannan ai jirgin ɓarayi ne, ka zo ka wuce ba sallama!"

Sai dai abu ɗaya. Kin tuna ko iska ta cika ƙyallen jirgi, Baba sai ya tayar da inji idan mun zo Dutsen Bankwana, muna ce masa mai ɓarnar mai? Jiya da rana tsaka na wuce wurin shiru, teku kwance lumui. Nan take jirgin ya yi nauyi, batir ya dinga sauka kamar na ɗauko siminti, alhali doya ce 'yar kaɗan zan kai garin Pangai. Me ke jawo haka?

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Manase

*

Auckland

Manase,

Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo. Ka ce mata rigar tana hanya, ta daina kai ƙarata.

Batir ba ya sauka don ra'ayin kansa. Ka nutsa ka duba farfela, wataƙila igiyar kamun kifi ta naɗe ta. Ka ɗaɗɗaure kan batura, don na san ɗaurinka. In duk lafiya, to ruwa ne ke ja a wurin, shi ya sa Baba ke ƙara wa iska da inji.

Yanzu batunka. Kana cin abinci kuwa? Matarka Kalo ta shekara a ƙasa, ka cire baƙin kaya haka nan. Hayaƙin injin nan ne ya cinye ƙirjin Baba, na rantse ba zai ci naka ba. Matarka ma da tana nan da ita za ta fara yin murna.

Allah ya tsare.
Yayarka, Lesieli

*

Motuhina

Yaya Lesieli,

Gaisuwa da fatan alheri.

Farfela fes take, batura a ɗaure tamau. Na ja layi da fenti a jikin jirgi daidai bakin ruwa. Ina zuwa Dutsen Bankwana sai layin ya nutse, in ji katako yana ƙara kaɗan-kaɗan, yadda yake yi idan mutane suna shigowa suna neman wurin zama. Sandar tuƙi kuma sai ta dinga ja yamma. Idan na matsa na karkata gabas wajen Pangai, sai in ji gunaguni, irin na fasinjan da aka wuce da shi tasharsa. Kafin in kai gari layin ya fito.

Zan faɗa miki sauran, kada ki yi dariya. Akwai ƙamshin man kwakwa mai furanni, wanda Kalo take haɗawa da kanta. Bencin hagu, inda take zama, sai ya jiƙe daidai zaman mutum ɗaya. Ranar Talata na ji an yi tsaki kusa da kunnena, aka ce, "Wannan rigar ba ta da mai ɗinki ne?"

Yaya, ban ji tsoro ba, daɗi na ji. Shekara guda gidana ba mai yi mini tsaki. Ashe tana nan kusa, ƙarar inji ce ta hana ni ji. Na gode da wannan kyauta, kin yi mini abin da ba ki sani ba.

Ƙanenki, Manase

*

Motuhina

'Yata Lesieli,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji. Riga ta zo, ta yi mini yawa, ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Ku yara kun cire abu ba ku tambayi dalilinsa ba, mu ma da laifinmu da ba mu faɗa ba. A Dutsen Bankwana matattunmu ke zama suna jiran jirgin da zai kai su Pulotu, lahirar kakanninmu, can yamma. Jirginsu ne kaɗai ke wucewa shiru. Shi ya sa duk mai rai da zai gifta sai ya busa ƙahon katantanwar teku, don su san ba nasu ba ne. Da ubanku ya sayi inji, ƙarar ta wadatar, ya rataye ƙahon a ɗaki. Ba ɓarnar mai yake yi ba, sallama yake yi. Kada ki kawo mini zancen coci. Fasto kansa in ya zo wurin sai ya ɗaga waƙa har jijiyar wuya.

Yanzu ƙanenki ya zama direbansu. Mutanen gari sun daina shiga jirginsa, shi kuma bai damu ba. Kullum sai ya fita ba kaya, ya ƙara nisa yamma, ya dawo a makare fiye da jiya. Na kai masa kifi da rogo, ya ce ya ci a hanya. Na ce, "A wace hanyar, ɗan nan? Wa ya dafa?" Sai ya yi murmushi. Na ce ko bokiti ya dinga bugawa, ya ce, "Gwaggo, ba a yi wa baƙi hayaniya." Wata rana batirin nan naki zai ƙare a inda ba iska, ko kuma shi ya ƙi juyowa.

Ƙahon yana wurinki. Na gan shi a hoton falonki, kin cusa masa furen roba. Ki aiko shi, ki haɗa da umarni. Ni yanzu zille mini yake yi, amma kin san namiji a cikinmu ba ya mayar wa 'yar'uwarsa magana. Ke kika kawo shirun, ke za ki ɗauke shi.

Ubangiji ya kiyaye.
Gwaggonki, Fusi

*

Auckland

Ƙanena Manase,

Ina gaishe ka. Wasiƙarka ta hana ni sukuni, ta Gwaggo ta sa ni kuka a wurin aiki.

Ban san abin da ke shiga jirginka ba. Wayoyin lantarki na sani, kuma ba su da amsa. Abin da na sani shi ne 'yarka Sela tana makaranta a birnin Nuku'alofa, ta rasa uwa, kuma hutun Kirsimeti a bakin ruwa za ta tsaya tana jiran Tavake.

Ga ƙahon Baba a cikin kwali, na wanke shi. Tunda muka girma ban taɓa ɗora maka maganata ta 'yar'uwa ba, yau na ɗora. Duk ranar da ka zo Dutsen Bankwana, ka busa. Ka ji haushina in ka ga dama, amma ka ji shi a gida.

Yayarka mai ƙaunarka, Lesieli

*

Motuhina

Yaya,

Gaisuwa. Ƙaho ya iso.

Na kai shi wurin da rana tsaka. Na bari suka shigo tukuna, wannan kam ba ki hana ni ba. Na ɗaga shi zuwa bakina, Kalo ta ce, "Manase, me ke nan?" Na busa.

Katako ya yi ta ƙara har layin fenti ya fito. Ita ce ta ƙarshe. Ba ta yi tsaki ba, cewa kawai ta yi in kai rigar a ɗinke. Kafin in kai Pangai bencin ya bushe.

Batir yanzu yana kai ni ya dawo da ni har da saura. Ki gaya wa Sela zan je in ɗauko ta. Kin sami ƙanenki, Yaya, amma kada ki jira wasiƙata nan kusa. Na binne Kalo karo na biyu, wannan karon da bakina.

Manase