Durƙuso a Ofishin Gunduma

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafarki, yaya ƙannena? Lafiya lau nake a Kenya. Na ɗan rame, amma kewar abincinki ce.

Masu ɗaukar nauyin karatuna na kimiyyar siyasa sun tura ni koyon aiki wani ofishin gunduma. Jiya wata tsohuwa ta kawo kukan rashin ruwa, na durƙusa na gaishe ta yadda muke yi a garinmu Masaka. Shugabana ya ce, "Namutebi, tashi! Gwamnati ba ta durƙusawa."

Tsohuwar ta ce, "Ƙyale ta, ɗana. Shekara uku ina zuwa, sai yau gwamnati ta gaishe ni."

Shi zai rubuta rahoton aikina, Mama, ita kuma jibi za ta dawo. In durƙusa?

'Yarki,
Namutebi