Faransancina Ya Toshe Garejin Maigidana

Malam Hambali, don Allah ka taimake ni da shawara. Na jefa kaina cikin rami, kuma ramin na gaske ne, yana nan a ƙofar gidanmu, zurfinsa ya kai ƙirjina.

Ni tela ne, mutumin Damagaram, shekarata shida a unguwar Manshiya, nan Sabha. Wanda ya kawo ni Maigida Gwadabe ne, bakanike, Bakano. A Agadas ya tsince ni na rasa motar da za ta ɗauke ni, ya sa ni bayan tasa, ya ba ni ɗaki kusa da garejinsa, ya tsaya mini har na yi aure. Ka riƙe wannan, don ka san irin mutumin da na cuta.

Tun da kuɗin fetur ya ɓarke a ƙasar nan, kullum ana tone wani wuri. Bana aka zo kanmu. Wani kamfani na Turawa ya samu aikin binne manyan wayoyin lantarki a ƙarƙashin ƙasa, da gina ɗakin taransifoma, don wutarmu ta daina ɗaukewa kamar mai farfaɗiya. Kowa ya yi murna, ni na fi kowa, don na daɗe ina mafarkin keken ɗinki mai aiki da wuta.

To ni, Malam, ina da wata cuta. Aji biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, malamin ya zane ni na gudu. Amma shekara shida ke nan ina barin mutanen unguwa suna ɗauka na sha Faransanci na ƙoshi. In rediyo na magana sai in riƙa gyaɗa kai, wani lokaci har in yi tsaki. Gaskiyar magana, in ka cire gaisuwa da godiya da ƙirge zuwa ashirin, aljihuna wayam.

Ranar da injiniyan ya zo da taswira, wani dogon Bature mai jin Faransanci da rana ta gasa, Larabcinsa bai kai nawa Faransancin ba. Nan take aka ce a kira tela. Na fito da tef ɗin awo a wuya, ina tafiya a hankali kamar jakada. Baturen ya nuna layi biyu a takarda, ɗaya ya bi ta babban titinmu, ɗaya ta lungun baya inda awaki kawai ke bi. Ya yi dogon jawabi. Kalma ɗaya na cafke, wadda ke nufin mota. Na ce a raina tambaya yake ina motoci suke bi. Sai na miƙa yatsa da alfahari na nuna babban titi, har na ƙara masa da “wi, wi” sau uku. Ya yi alama da jan alƙalami, ya ba ni hannu. Mutane suka yi ta cewa kai, tela ya iya. Ranar ko abinci ban ci sosai ba, daɗi ya cika mini ciki.

Bayan kwana tara motar tono ta zo ta tsaga titin daga bakin masallaci har ƙarshen layi. Yau wata huɗu ramin na buɗe, wai wayoyin ba su iso daga Tarabulus ba. Mota ba ta shiga garejin Maigida, wadda ke ciki ma ba ta fita. Akwai wata Fijo ta wani soja da ta maƙale, yana zuwa duk sati ya zazzaga masifa ya tafi. Ma'aikatan Maigida biyu sun koma unguwar Abdulkafi. Matarsa Kulu tana da tsohon ciki, a kan katako take tsallakawa in za ta asibiti. Mai gidan hayarmu, Haj Emhemmed, akuyarsa ta faɗa ta karye. Mai burodi ya daina shigowa layinmu.

Ni ma da farko zagin kamfanin nake, da ƙarfi ma. Sai wani direbansu, Muƙaddas, ɗan Tawa wanda ya yi karatu na gaske, ya kawo mini wando ɗinki. Yana dariya har da riƙe ciki ya gaya mini yana wurin ranar. Ashe Baturen tambaya ya yi wane layi ne motoci ba sa bi, don kada a takura wa mutane. Muƙaddas ya ce ya so ya yi magana, amma ya ga yadda nake hura hanci sai ya ji kunyar tsinka ni a gaban jama'a. Ya yi mini alkawari ba zai faɗa wa kowa ba. Na ɗinka masa wandon, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Yanzu ga inda abin ya kai. Unguwa ta yi taro, Hausawa da Larabawa, an zaɓe ni in jagoranci masu kai kuka wurin mudir, wato shugaban aikin, in ya dawo wata mai zuwa. A ranar ne kuma za a tsayar da wurin ɗakin taransifoma, kuma ni za a sake tambaya. Maigida da kansa ya dafa kafaɗata a gaban mutane, ya ce Allah ya yi musu gata da ni. Malam, da wannan ilimin nawa ina iya sa a gina shi a tsakar gidan liman.

In na faɗi gaskiya na zama abin dariya har jikokina, wataƙila in rasa Maigida. In na yi shiru, ban san me yatsana zai nuna a karo na biyu ba. Har na yi tunanin in ce ciwon haƙori ya hana ni magana. Ya zan yi?

Naka,
Tafintan Manshiya

*

Ɗan'uwa Tafinta,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma da na zo kan Kulu da katako sai dariyar ta tsaya.

Bari in fara rage maka kaya. Injiniyan da zai tsaga titin unguwa bisa yatsan mutum ɗaya, bai zaga ya ga gareji da idonsa ba, yana da nasa kason. Jinkirin wayoyi ma ba kai ka jawo shi ba. Kuma ba da mugunta ka yi ba. Amma naka kason yana nan: an tambaye ka abin da ba ka gane ba, ka amsa. Na farko kuskure ne. In ka sake, ka sani kake yi, wannan kuwa cin amana ne.

Manta da ciwon haƙori. Tun kafin mudir ya dawo, je ka sami Gwadabe shi kaɗai, ka gaya masa yadda ka gaya mini, ba ragi. Kada ka fara da laifin Bature. Zai iya yin fushi, yana da haƙƙi. Ka bar shi ya yi, kada ka matsa masa ya yafe a ranar. Mutumin da ya ɗauko baƙo daga Agadas ya yi masa aure ba ƙaramar zuciya gare shi ba. Abin da zai fi yi masa ciwo shi ne ya ji daga bakin wani, kuma maganar da direba ya sani ba ta daɗewa a rufe.

Sannan ka gaya wa dattawan unguwa cewa Faransancinka bai kai wannan aiki ba. A roƙi Muƙaddas ya yi tafinta, in aikinsa ba zai taɓu ba, Haj Emhemmed kuma ya yi magana da Larabci a matsayinsa na ɗan ƙasa. Ku je da buƙatu ƙayyadaddu: a shimfiɗa faranten ƙarfe a ƙofar gareji da ta masallaci, a fara cike wannan ɓangaren in wayoyi sun iso, kuma a zo a nuna wa kowa wurin taransifoma a ƙasa kafin a sa hannu. Kafin nan, ka rufe shago rabin yini ka taya Gwadabe kwashe kayan aikinsa zuwa bakin layi, inda mota ke iya tsayawa.

Za a yi maka dariya, babu shakka, wataƙila har a laƙaba maka suna. Ka riga su yin dariyar, na ga ka iya. Mutane sukan gaji da tsokanar wanda ya amsa laifinsa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar buɗe baki, ya sanyaya ran maigidanka, ya kawo muku wutar cikin alheri.

Malam Hambali