Masararmu a Falalen Mwanga

Litinin, 13 ga Mayu
Masararmu ta ƙi bushewa. Dutsen Namilongo ya tare mana rana, ba ta leƙo ƙauyenmu Kalinde sai wajen ƙarfe goma, ƙarfe uku kuma ta koma. Agogo, kakata, ta shinshina buhu ta ce ya fara wari. In ta yi fumfuna, ba mu da tuwo har girbin baɗi. Gobe zan fara tsallake dutsen da ita zuwa Mwanga, gefen rana. Su suna da falalen shanya, mu muna da idon ruwa. Duk mai shanya sai ya kai musu ruwa jarka ɗaya.

Laraba, 15 ga Mayu
Masara a ka, jarka a hannu. Wuyana.

Asabar, 18 ga Mayu
Matan Mwanga akwai surutu. Mai Nachisale, matar da ke raba wurin shanya, ta ce, "'Yar inuwa, a gida kika bar bakinki?" Aka yi dariya. Ina so in ce a ba ni tsakiya, maganar ta maƙale. Aka tura ni gefe, ƙarƙashin mangwaro. Na hau dutse na sauka don in shanya a wata inuwar.

Talata, 21 ga Mayu
Agogo ta tsince baƙaƙen ƙwayoyi cike da kwano. "Tadala, anya rana na ganin masarar nan?" Na ce eh. Ƙarya na yi.

Alhamis, 23 ga Mayu
Na shanya, na koma ɗauko sauran. Daga ƙoli na hango chiperoni, hazon nan mai yayyafi, ya riga ya haɗiye Kalinde yana hawowa. Daga Mwanga ba a ganinsa sai ya faɗo. Na tsaya. Na duba ko akwai wani babba kusa. Babu kowa, sai awaki.
Ban san da wace murya na yi ihun ba. "Ku kwashe! Ku kwashe!" Na gangara da gudu, na gurje gwiwa. Mun kwashe, tawa kaɗan ta jiƙe.

Juma'a, 24 ga Mayu
Maƙogwarona na ciwo. Mai Nachisale ta sake nuna min ƙarƙashin mangwaro. Na ce, "Mama, can babu rana." A hankali na faɗa, ban ɗaga kai ba. Ta ce, "Au, ashe mai ihun jiya ba aljani ba ne?" Ta ja tabarmarta gefe, ta ba ni wuri a rana.
Masarar ta fara ƙara in na tauna. Maganar da na yi ba wani abu ba ne. Na gaji ne kawai da hawan banza.