An Kashe Mini Ɗa a Kwamfuta, Ga Shi Yana Raye

Assalamu alaikum. Mai shafi, a ɓoye sunana. Ku kuma masu karatu ku bari in kai aya kafin ku yanke mini hukunci, don na san halinku.

Wani yaro da ake kira Injiniya ya kashe mini ɗa a kwamfuta. Ba habaici nake yi ba. In ka buga lambar katinsa a asibitin da nake aiki, na'ura za ta ce maka ya rasu, alhali da safen nan tare muka sha koko.

Ni mai ba da kati ne a wani ƙaramin asibiti tsakanin Anka da Bukkuyum, ba zan faɗi garin ba. Karatuna bai kai ƙarshen sakandare ba, da yatsa biyu nake buga kwamfuta, amma tun shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗibar yara ni ke shigar da sunaye a tsohuwar na'urarmu. A cikinta sunan yaro a jeri guda, gwajin jininsa a wani, maganinsa a wani, lambar kati ce ke ɗaure su. Na'urar tana jan ƙafa, na yarda, amma ba ta taɓa kashe kowa ba. Sai bara aka ce ta tsufa, za a kwashe komai a zuba a sabuwar manhaja. Kwanan baya aka ɗauko mana Injiniya daga birni, da gilashinsa da robar ruwansa, ko ruwan randarmu ba ya sha. Ya leƙa aikina ya yi tsaki ya ce, "Baba, wannan ai shara ce, mutum ɗaya ka rubuta shi sau biyu." Na ce, "Wane mutum?" Ya ce in je in ji da layin mata, wannan ba aikin masu kati ba ne. Sai ya kafa wa na'ura doka: duk inda sunan yaro da na uba da na uwa da ƙauye da shekaru suka zo daidai, mutum ɗaya ne, a haɗe su.

To ku ji. Ɗana na fari sunan mahaifina na sa masa. Yana ɗan shekara biyu dalma ta tafi da shi. Da Allah ya sake ba ni namiji, na mayar masa da sunan, kamar yadda kowane gida ke yi don kada sunan tsoho ya mutu. Innarsa ma, wato matata, ba ta faɗin sunan saboda kunya, Baba Ƙarami take ce masa. Shi ma yana wajen shekara biyu aka kawo shi gwaji, kuma tsohuwar na'ura shekarun ranar zuwa take riƙewa, ba ranar haihuwa ba. Wa ya san ranar haihuwa a ƙauye? Komai ya zo daidai, na'ura ta haɗe wa da ƙane, ta riƙe mamaci ta zubar da rayayye. Ko tsohuwa mai sayar da daddawa ya tambaya da ta gaya masa ana mayar da suna. Amma mai digiri zai tambayi wa?

Ƙaramin ya rayu, sai dai dalma ta bar masa jijjiga, kowane wata ana ba shi magani. Innarsa ta je karɓa, ta dawo tagar da nake ba da kati ta ce, "Malam, mi ya hwaru? Wai mai magani ya ce Baba Ƙarami ya rasu, ga shi kau shina tsaye gehena." Kun san abin da ake nufi a sake yi wa uwa ta'aziyyar sunan da ta riga ta binne?

Likita ya ce a buɗe masa sabon kati. Aka buɗe, amma shirin da ke ba da maganin na yaran da tsohon gwajinsu ya nuna dalma ne, nasa kuwa ya bi iska. Aka kira Injiniya, ya ce kada a damu, ya ajiye kwafi. Da aka buɗe kwafin, ashe sai da ya gama tacewa ya ɗauka. Wato ya sheƙe hatsi, iska ta tafi da tsaba, shi kuma ya ɗaure ƙaiƙayi a buhu. A gaban Likita ya nuna ni da biro ya ce laifin mai shigarwa ne.

Yanzu ga nawa, kuma da kunya nake faɗa. Ranar da za a goge tsohuwar na'ura, na kwance ta na zare faifan da komai ke kai, yadda wani mai gyaran waya ya taɓa nuna mini. Ba hangen nesa ba ne, baƙin ciki ne kawai, don an kira aikina shara. Da ta ƙi tashi suka ce mutuwa ta yi, suka jefa ta sito. Faifan yana akwatin matata, ita ma ba ta sani ba. Na yi rantsuwa na sa hannu ba zan fitar da sirrin mara lafiya daga asibiti ba, kuma a ciki akwai cututtukan matan garin nan da ko mazansu ba su sani ba. In na fito da shi, ɗana ya tashi, da sauran yaran da aka yi wa irin haka, don na riga na ga wata mata ta koma gida da irin wannan labari. Amma ni na zama ɓarawo, aiki ya tafi, Injiniya kuma ya samu wanda zai rataya wa. A shekaruna wa zai ɗauke ni, ga gonarmu ba ta shiguwa saboda mutanen daji? In kuma na yi shiru, ƙwayoyin da suka rage ba za su kai sabon wata ba. Jama'a, me zan yi?

Kafin ku ce in je in lallashi Injiniya, ku sani na riga na ɓata wannan hanya. Jiya ya zo, na kama hannun yaron na tsayar da shi a gaban teburinsa. Ya ɗago ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce, "Ga mamacinka na kawo maka, dube shi da kyau da gilashin naka. Na farko Allah ya karɓa, ni na haƙa kabarinsa da hannuna, ban yi wa kowa ƙorafi ba. Wanga kai ka binne shi, kuma ba ka barin garin nan sai ka tone shi."