Ƙafar Malam ta farka

Zuwa ga angona Auwalu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Binta da yara, yaya ruwan saman garinku da ba ya ɗaukewa? Mu nan Ƙofar Wambai lafiya lau. Sojoji ma sun koma bariki, kai kaɗai ka ƙi komowa gida.

Labarin kakanka zan ba ka. Ka san ana yi masa ƙarin ruwan magani saboda ciwon dajin kaluluwar nan. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci da takalmi ƙafa ɗaya, ga jini a diddige, shi kuwa bai sani ba. Na ce, "Malam, sadaka ka yi da ɗayan?" Ya dubi ƙasa, sai a lokacin ya lura. Nan dariyata ta tsaya.

Likita ya ji tsoron ko ciwon ya shiga laka. Suka ɗebi ruwa a gadon bayansa, kwana huɗu muna jiran sakamako. Ashe maganin ne ya sa jijiyoyin ƙafar suka yi barci, sai aka sauya masa wani.

Wata biyu ke nan kullum da safe ina mintsinin babban yatsansa, ko motsi. Jiya kuwa ya zabura: "Ke Hajiya, lafiyarki kuwa?" Shekara hamsin muna tare, ban taɓa jin daɗin faɗansa irin na jiya ba.

Ka sa shi a addu'a, saura ƙarin ruwa biyu. Ka gai da Binta da yaran.

Kakarka,
Hajiya Yalwa